Allon Taɓi da Koyon Kemistiri a Makarantun Sakandare

Cikin manyan darussan kimiyya guda uku da ɗalibin sakandare yake karantawa, watau ilmin halittu da fiziks da kemistiri, babu wanda ya kai na ukun tara wa yaro abubuwan da ido ba ya gani. Malamin ilmin halittu yana iya tsinko ganye ko ya kamo fara ya ajiye a kan tebur. Malamin fiziks yana iya ɗaure dutse da zare ya kaɗa shi gaban aji. Shi kuwa malamin kemistiri, da zarar ya buɗe baki sai ya shiga zancen ƙwayar zarra da ilektaron da molikul, waɗanda babu ɗalibin da ya taɓa ganinsu, kuma madubin ƙara girman abu na makaranta ba ya nuna su. Giram 18 na ruwa, abin da bai fi babban cokali ɗaya da ɗan ɗori ba, yana ɗauke da molikul kimanin 6.02 × 10²³, watau 602 da sifiri 21 a bayanta. Ana son yaro ɗan shekara 15 ya yarda da wannan, ya kuma yi lissafi da shi a ɗakin jarrabawa.

Saboda haka ne duk lokacin da aka ƙirƙiro wata na'urar nuna hoto a aji, malaman kemistiri sukan kasance cikin waɗanda suka fi ɗokinta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori ita ce farin allo na lantarki mai amsa taɓawa, wanda za a riƙa kira allon taɓi a wannan maƙala don taƙaitawa. Gwamnatoci sun kashe masa kuɗi masu yawan gaske, kuma har yanzu akwai makarantun da ke tunanin saye. Tun da yake kuɗin allo ɗaya da kayan haɗinsa yana iya sayen gilasai da sinadaran gwaji masu ɗimbin yawa, ya kamata a san abin da allon yake iya yi wa ɗalibin kemistiri, da abin da ba ya iyawa, kafin a zaro kuɗi daga asusun makaranta.

Yadda allon yake aiki

Kamfanin SMART Technologies, wanda David Martin da Nancy Knowlton suka kafa a birnin Calgary na ƙasar Kanada a 1987, shi ne ya fitar da allon taɓi kasuwa a 1991. Daga baya wasu kamfanoni suka biyo sahu, cikinsu har da Promethean na garin Blackburn a Ingila. A tsarinsa na asali abubuwa uku ne ake haɗawa: kwamfuta, da majigi mai haska hoton fuskar kwamfutar a jikin allo, da shi kansa allon, wanda aikinsa shi ne ya gane daidai inda aka taɓa shi ya sanar da kwamfuta. Wasu allunan suna da shimfiɗa biyu masu ɗaukar lantarki da ɗan siririn fili a tsakaninsu, idan yatsa ya danna sai su haɗu a wannan wuri. Wasu suna da ragar wayoyi a ciki mai jin kusantar wani alƙalami na musamman. Wasu kuma ƙananan kyamarori ne a kusurwoyinsu suke hango yatsa. A 'yan shekarun nan manyan allunan gilashi irin na talabijin, waɗanda ba su bukatar majigi, sun maye gurbin na farkon a makarantu da yawa, amma amfanin duk ɗaya ne. Mutum yana iya rubutu a kan hoto, ya ja abu daga wannan gefe zuwa wancan, ya tsayar da hoto mai motsi, ya mayar da shi baya, sa'an nan ya adana duk abin da aka rubuta don darasin gobe.

Hawa uku na kemistiri

Kafin a auna amfanin allon, sai an fahimci inda wahalar darasin take. Alex Johnstone, malami a Jami'ar Glasgow, ya bayyana a 1982 cewa masanin kemistiri yana tunani ne a hawa uku. Hawa na farko shi ne abin da ake gani ko ake shinshinawa ko ake aunawa: launi, da kumfa, da zafi, da nauyi. Na biyu shi ne duniyar ƙananan ƙwayoyi da ba a gani. Na uku kuma shi ne alamomi: haruffa irin su NaCl da H₂O, da jimlolin lissafin haɗuwar sinadarai, da zane-zanen jadawali. Malamin da ya ƙware yana tsallakawa daga wannan hawa zuwa wancan cikin jimla guda ba tare da ya lura ba. Yana iya cewa, "Gishirin ya narke, ayon sun rabu, sai a rubuta Na⁺ da Cl⁻." A cikin daƙiƙa biyar ya taka hawa ukun duka, ɗalibi kuwa yana can ƙasa yana kallon ruwa a kofi.

Abin da ɗalibi yake yi idan an bar shi a baya shi ne ya haddace hawa na uku, ya cike gurbin na biyu da tunanin kansa. Bincike ya nuna irin wannan tunani ƙarara. A ƙasar New Zealand, Roger Osborne da Mark Cosgrove sun tambayi 'yan makaranta a 1983 ko mene ne ke cikin manyan ƙwayoyin kumfar da ke tasowa a ruwan da yake tafasa. Da yawa suka ce iska ce, wasu suka ce oksijin ne da haidirojin, alhali tururin ruwa ne kawai, molikul ɗin H₂O ne da suka yi nesa da juna. A 1986 Ruth Ben-Zvi da abokan aikinta a Cibiyar Weizmann sun tambayi ɗaliban sakandare game da ƙwayar zarra guda ɗaya da aka ciro daga wayar jan ƙarfe, sai kusan rabinsu suka ba ta siffofin wayar kanta, irin su launi da lanƙwasuwa. Haka kuma Susan Nurrenbern da Miles Pickering sun gano a 1987 cewa ɗaliban jami'a a Amurka da suke warware lissafin dokokin iskar gas daidai, da yawansu sukan kasa zaɓar zanen da ya nuna yadda ƙwayoyin gas ɗin suke a cikin tulu. Watau mutum yana iya cin jarrabawa da maki mai kyau alhali hoton da ke cikin kansa karkatacce ne.

Nan ne allon taɓi yake da abin yi wanda allon alli ba ya iyawa sosai. Yana iya ajiye hawa ukun gefe da gefe a lokaci guda, kuma na tsakiyar yana motsi.

Misali na farko: narkewar gishiri

A ɗauki darasin narkewa, wanda yake cikin manhajar babbar sakandare. Malami ya fara da abu na zahiri: kofin gilashi da ruwa da gishirin miya. Ya auna nauyin ruwan da na gishirin, ya zuba, ya motsa har gishirin ya ɓace. Kafin ya sake ɗora kofin a ma'auni, sai ya tambayi aji ko nauyin zai ragu, ko zai ƙaru, ko zai tsaya daidai da jimillar biyun. Za a sami masu cewa zai ragu, domin a ganinsu abin da ya ɓace ya tafi ke nan. Ma'auni zai nuna babu abin da ya ragu.

Sai a wannan lokaci ne ya kamata a kunna allon, kuma ba da hoto mai motsi za a fara ba. Malami ya raba fuskar allon gida uku. A hagu hoton kofin da kowa ya gani. A dama haruffan NaCl. A tsakiya kuma akwatin da babu kome a ciki, da tarin ƙananan da'irori a gefensa, wasu na sodiyam, wasu na kulorin, wasu na ruwa. Ya kira ɗaliba ta zo ta ja da'irorin da yatsa ta jera su yadda take zaton gishirin yake kafin ya shiga ruwa, da yadda yake bayan ya narke. Abin da ake yawan gani shi ne ta haɗa sodiyam ɗaya da kulorin ɗaya bibbiyu, su riƙa yawo cikin ruwa a manne da juna, domin haka haruffan NaCl suka nuna mata. Wannan kuskure ne mai daraja ƙwarai, don kuwa ya fito fili inda za a iya gyara shi. Da a ce malami ne ya zana daidai tun farko, da ta kwafa a littafi, tunaninta na asali kuma yana nan daram a ƙarƙashi.

Bayan aji ya yi gardama a kan zanenta, sai a saki hoto mai motsi. Za a ga cewa ƙwayar gishiri gini ce mai tsari, inda kowane ayon na sodiyam yake kewaye da na kulorin guda 6, kowane na kulorin kuma yake kewaye da na sodiyam guda 6. Molikul ɗin ruwa ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake da kusurwar digiri 104.5, ɓangaren oksijin yana da ɗan caji mai alamar ɗebewa, ɓangaren haidirojin yana da mai alamar tarawa. Don haka ruwan yakan juya wa sodiyam gefen oksijin, ya juya wa kulorin gefen haidirojin, ya riƙa ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya daga gefen ginin. Malami ya tsayar da hoton a daidai lokacin da ayon ɗaya ya rabu, ya miƙa wa wani ɗalibi alƙalami ya zana alamar caji a kan kowane ɓangare. Sa'an nan a dawo da zanen ɗalibar nan da aka adana, ita da kanta ta gyara shi. A ƙarshe a koma gidan dama a rubuta Na⁺ da Cl⁻ a rarrabe, yanzu kowa ya san dalilin raba su. Idan lokaci ya rage, ana iya tambayar abin da zai faru idan an ci gaba da zuba gishiri har ya wuce giram 36 a cikin giram 100 na ruwa, inda narkewa take tsayawa a zafin ɗaki.

Wannan tsari na a yi hasashe, a duba, a yi bayani, ba allon ne ya zo da shi ba. Richard White da Richard Gunstone na Jami'ar Monash a Ostireliya sun yi cikakken bayaninsa a 1992. Abin da allon ya ƙara shi ne sauƙin jan abu da hannu, da tsayar da motsi, da dawo da zanen da aka yi minti ashirin da suka wuce ba tare da an goge shi ba.

Misali na biyu: batirin Daniell

Darasin sinadarai da lantarki ya fi wannan wuya. A batirin da John Frederic Daniell ya ƙirƙiro a 1836, kamar yadda ake haɗa shi a makaranta, akwai sandar tutiya cikin ruwan gishirin tutiya, da sandar jan ƙarfe cikin shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe, an haɗa sandunan da waya, an haɗa ruwayen da bututun da ake kira gadar gishiri. Yana ba da ƙarfin lantarki kimanin bolt 1.1. Michael Sanger da Thomas Greenbowe sun ruwaito a 1997 cewa ɗalibai da yawa suna zaton ilektaron yana fita daga waya ya faɗa ruwa, ya yi iyo ta cikin gadar gishiri ya koma inda ya fito. Gaskiyar magana ita ce ilektaron waya kaɗai yake bi, daga tutiya zuwa jan ƙarfe. Abin da yake motsi a cikin ruwa da gada ayon ne, masu alamar tarawa suna nufar ɓangaren jan ƙarfe, masu alamar ɗebewa suna nufar ɓangaren tutiya. Abubuwa huɗu ko biyar ne suke tafiya a lokaci ɗaya ta fuskoki daban-daban, kuma zane a tsaye, kome kyansa, sai ya cika da kibiyoyi har ya rikita mai kallo. A allon taɓi ana iya ɓoye duk motsin a bar na waya kaɗai, sa'an nan a ƙara na gada, sa'an nan a nuna sandar tutiya tana ramewa, ta jan ƙarfe tana ƙiba, shuɗin ruwan yana dusashewa. Tun a 1995 Vickie Williamson da Michael Abraham suka nuna cewa ɗaliban jami'ar da suka kalli irin waɗannan hotuna masu motsi na kwamfuta sun fi takwarorinsu fahimtar halin ƙananan ƙwayoyi.

Ba dole ne malami ya ƙera waɗannan hotuna da kansa ba. Carl Wieman, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a fiziks a 2001, ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado a 2002, kuma shirin yana ba da kwaikwayon gwaje-gwaje kyauta. Cikinsu akwai na gina ƙwayar zarra ta hanyar jefa furoton da niyutoron da ilektaron, da na daidaita jimlar haɗuwar sinadarai, da na siffofin molikul, da na ma'aunin tsami. Ana iya sauke su a kwamfuta a yi amfani da su inda babu intanet.

Abin da ya faru a Ingila

Wanda ya karanta misalan nan biyu zai iya zaton cewa da zarar an kafa allo a aji sakamakon jarrabawa zai tashi. Ƙasar da ta gwada wannan zato da kuɗi masu yawa ita ce Ingila. A watan Janairu na 2004 ministan ilminta, Charles Clarke, ya ba da sanarwar ware fam miliyan 25 don sayen allunan taɓi, ban da abin da aka riga aka kashe. A 2007 wani ƙidayar hukumar Becta, wadda a lokacin take kula da na'urorin koyarwa, ya nuna cewa kashi 98 cikin ɗari na makarantun sakandare suna da allon. A birnin Landan an yi wani shiri na musamman inda aka wadata sassan manyan darussa, watau lissafi da kimiyya da Ingilishi, da alluna a makarantun sakandare, aka kuma ɗora wa Gemma Moss da abokan aikinta na Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan alhakin bin sawun abin da ya biyo baya.

Rahotonsu ya fito a 2007, kuma bai yi wa masu sayar da allo daɗi ba. A shekarar farko da aka wadata sassan da alluna, ba a ga wani tasiri a sakamakon jarrabawar ɗalibai ba. Masu binciken sun lura cewa a wasu azuzuwan allon ya ƙara ƙarfafa tsohuwar hanya ce kawai, malami a gaba yana zuba bayani, yara suna kallo. A wasu kuma ana ɗaukar duk wani taɓa allo a matsayin koyo, ko da kuwa aikin bai wuce jan kalma zuwa cikin akwati ba. Sun kuma ga cewa kiran yara ɗaya bayan ɗaya zuwa gaban allo yana iya rage saurin darasi, sauran aji suna zaune suna jira. A makarantun firamare, binciken Steve Higgins na Jami'ar Newcastle a 2005 ya sami ɗan ci gaba a shekarar farko, wanda bai ɗore ba a ta biyu. Wani binciken da Bridget Somekh ta jagoranta a 2007 ya sami ci gaba a firamare, amma ya fi bayyana ne inda malami ya daɗe yana aiki da allon, kimanin shekara biyu, har ya sauya yadda yake tsara darasi.

Waɗannan bincike ba a kan kemistiri kaɗai aka yi su ba, amma darasinsu ya shafe shi kai tsaye. Babban haɗarin allon shi ne sauri. Malamin da yake rubutu da alli dole ya jinkirta, kuma yayin da yake zana ginin gishiri da'ira bayan da'ira, ɗalibi yana biye da shi. Malamin da ya shirya shafi talatin a kwamfuta tun daga gida yana iya kwarara su cikin minti arba'in, ya fita yana jin ya yi aiki, alhali ya tsallake hawa ukun nan na Johnstone da gudun da ya fi na da. Mary Budd Rowe ta nuna tun a 1972 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara sukan ƙara tsawo da ma'ana. Allon da shafi na gaba yake jiran taɓawa ɗaya ba ya taimaka wa mai gaggawa ya yi haƙuri.

Matsalar yaro ɗaya a gaban allo sauran suna hamma tana da magani mai arha. Yayin da ɗaliba take jera da'irori a babban allo, kowane ɗalibi ya zana nasa a takarda ko a ɗan ƙaramin allon hannu, sa'an nan a ɗaga su gaba ɗaya malami ya gani. Makarantun Ingila da yawa suna yin haka da ƙananan fararen alluna na roba. Ga mutumin ƙasar Hausa, wanda ya san almajiri da allonsa a hannu tun ƙarnuka da dama, wannan ba baƙon abu ba ne. A ajin da ɗalibai suka kai sittin ko saba'in kuwa, ba a ma da wata hanyar in ba ita ba.

Inda hoto yake yaudara

Akwai wata illar da ta keɓanta da kemistiri. Duk hoton ƙwayar zarra kwatance ne, kuma gwargwadon kyansa gwargwadon yadda yaro zai ɗauke shi gaskiya. Al'adar masana ce a yi wa oksijin jan launi, kabon baƙi, haidirojin fari, naitirojin shuɗi, bisa tsarin da Robert Corey da Linus Pauling suka fara a farkon shekarun 1950. Ƙwayar zarra guda ba ta da launi irin wannan, amma yaron da ya shekara uku yana ganin jar ƙwallo a allo zai yi wuya a raba shi da cewa oksijin ja ne. Sandunan da ake zanawa tsakanin ƙwayoyi ba sanduna ba ne. Molikul ɗin iskar ɗaki suna gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa, hoto kuwa yana nuna su suna tafiya kamar tumaki a kiwo, don in ba haka ba babu abin da za a gani. Mafi muni shi ne yawa. A tsabtataccen ruwa mai zafin digiri 25, molikul ɗaya ne kacal cikin kimanin miliyan 550 yake rabuwa zuwa ayon, amma mai zane da yake da gurbin molikul ashirin a allo dole ya nuna ɗaya ko biyu a rabe. Ɗalibi sai ya fita da tunanin cewa kashi ɗaya cikin goma na ruwa a rabe yake. Har ila yau, idan aka zana ruwa a matsayin shuɗin fili da 'yan ƙwayoyi suna iyo a ciki, an koya wa yaro cewa akwai wani ruwa dabam a tsakanin molikul ɗin ruwa.

Maganin wannan yana cikin allon kansa. Tun da ana iya rubutu a kan hoto, malami ya tsayar da shi ya tambayi aji: mene ne gaskiya a wannan zane, mene ne kuma aka yi don sauƙin gani kawai? Ɗalibai su zo su kewaye ƙaryar da jan alƙalami. Wannan aiki na minti biyar ya fi kallon hotuna goma amfani.

Allo da ɗakin gwaji

Akwai gwaje-gwajen da babu makarantar da za ta iya yi ko ya dace ta yi. Haɗa amoniya ta hanyar Haber yana bukatar zafin digiri 450 ko kusa da haka, da matsin da ya ninka na iskar duniya kimanin sau 200. Jefa sinadarin siziyam cikin ruwa fashewa yake haddasawa. A irin waɗannan, hoton bidiyo ko kwaikwayon kwamfuta da ɗalibi zai ƙara matsi ya ga yadda amoniya take ƙaruwa, alheri ne babba. To amma jarabar da ke tattare da allon ita ce a mayar da shi madadin ɗakin gwaji dungum, musamman inda sinadarai suke da tsada. Ɗalibin Nijeriya da zai zauna jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma a makarantarsa zai tarar da gwajin ɗiga asid yana jiransa. Zai riƙe famfon buret da hannu ɗaya, ya riƙa juya tulun gilashi da ɗayan, ya sa ido ga ɗigon da zai mayar da ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, ya sunkuya ya karanta ma'auni daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. A allo, launi yana sauyawa a lokacin da aka tsara masa, famfo ba ya yoyo, kumfar iska ba ta maƙalewa a bakin bututu. Hannun da bai taɓa zarce ɗigo ya ɓata gwaji ya sake daga farko ba, bai koyi aikin ba.

Kuma ba kowane gwaji ne yake bukatar kayan waje ba. Ruwan zoɓorodo manuni ne mai kyau: idan aka ɗiga masa ruwan lemon tsami jansa yana ƙara haske, idan aka zuba masa ruwan kanwa sai ya juya zuwa duhu mai ratsin kore. Malamin da ya sa ɗalibai suka yi wannan da hannunsu, sa'an nan ya ɗauki hoton kofunansu ya haska a allo, ya jera su a kan ma'aunin tsami daga 0 zuwa 14, ya sa su zana yawan ayon na haidirojin a ƙarƙashin kowane kofi, ya haɗa hawa ukun da kuɗin da bai kai na kwalbar sinadari ɗaya ba.

Saura batun wuta da ƙura. Majigi irin na aji yana cin wat 200 zuwa 300, ƙwansa yana da iyakar awoyin aiki kuma yana da tsada, matatar iskarsa tana toshewa da ƙurar hunturu idan ba a share ta a kai a kai. Idan majigin ya ɗan gusa, sai an sake daidaita allon ta hanyar taɓa wasu ɗigogi a jikinsa, in ba haka ba rubutu zai riƙa fita nesa da bakin alƙalami. Makarantar da ba ta da tsayayyar wuta ko na'urar hasken rana, ba ta kuma ware kuɗin gyara da na horar da malamai ba, za ta wayi gari da farin allo mai tsada wanda ko alli ba ya kamawa. Don haka bai kamata a cire tsohon allo daga bango ba ranar da aka kafa sabo.

Ga makarantar da take da majigi da kwamfuta amma ba ta da kuɗin allon, akwai wata dabara. A ƙarshen 2007 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Carnegie Mellon, Johnny Chung Lee, ya nuna cewa abin sarrafa wasan Wii na kamfanin Nintendo yana ɗauke da ƙaramar kyamara mai ganin hasken da idon mutum ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin yake fitarwa. Idan aka kafa shi yana fuskantar bango, aka sa ɗan ƙwan irin wannan haske a bakin bututun biro da batir guda, kwamfuta tana iya bin sawun biron a kan kowane farin bango. Lee ya saki manhajar kyauta, kuma kayan, ban da majigi da kwamfuta, sun tsaya masa a kan kimanin dalar Amurka 50. Haɗa wannan biro aiki ne da ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makaranta za ta iya yi da kanta a yammaci ɗaya, da taimakon malamin fiziks.